Ranar da Muka Fita Neman Ƙasa Ni da Iya

Wutar da muke zama a gefenta muna yara ba ta girki ba ce, ba kuma ta jin ɗumi ba. Wutar toya tukwane ce. Kakata ta wajen uba, wadda kowa yake kira Iya, maginiya ce a Ushafa. 'Yar Gbagyi ce. Kakanmu Bazazzagi ne da yake zuwa sarin randuna yana kai wa kasuwanni, sai ya ƙare da auren mai ginin randunan, ya yi zamansa a garin har ya rasu, tun kafin a haife ni. Mu a Kubwa muke zaune. Baba yana bin motar ma'aikata zuwa Garki tun da asuba, in an yi hutun makaranta da rani sai a tattara mu, ni da yayata Larai, a kai wa Iya.

Matoyar tana bayan gidan, a wani fili da ya gangara zuwa rafi. Tun da la'asar mata suke jera tukwanen a kife, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, su lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, su tare gefe da tsingaro. Ba a kunna wutar sai iska ta kwanta, bayan an idar da magariba. Daga nan babu sauran aiki sai jira. Mukan shimfiɗa tabarma nesa kaɗan, gabanmu zafi, bayanmu kuwa sanyin rafi yana hawowa ta cikin itatuwan ɗorawa, har sai ka ja riga ka rufe wuya. Kwaɗi suna ta kuka. In tukwane sun yi jawur aka fara jawo su da dogon sanda ana yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, sai su yi cuuu, wani ƙamshi mai ɗaci ya tashi. Ko yanzu in na ji makamancinsa sai na tsaya ina waige.

Hausar Iya ba ta raba mace da namiji. A bakinta sarki yakan “ce ta gaji”, amarya kuma “ya yi kuka”. In mun fara ƙus-ƙus muna dariya sai ta dakata ta dube mu.

“Kun gane ko ba ku gane ba?”

“Mun gane, Iya.”

“To ku rufe baki.”

Ba zan iya kwaikwayonta a rubuce ba, don haka zan miƙar da maganarta. Ni “mai gida” take kirana, irin wasan kaka da jika, kuma ni ne mai zama a jikin ƙafarta. Ba ta fara tatsuniya yadda ake farawa a gidajen Hausawa. Da yake a bakin wuta muke, takan ce, “Ga wata ta nuna.” Mu kuma mu amsa, “A sauke ta mu gani.”

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai ɗaya da muke roƙo a maimaita mana duk hutu.

Wai a wani gari da ke gindin dutse an yi wata maginiya mai kyan hannu, tukunyarta in ka ƙwanƙwasa sai ta yi ƙara kamar ƙarfe. Aibinta ɗaya, ƙyanƙyami. Da yumɓu take aiki, amma ba ta son taɓo ya taɓa mata ƙafa. In damina ta sauka sai ta yi ta tsaki tana tattare zani tana tsallake-tsallake. Wata rana bayan ruwa ya ɗauke ta je matoya, sai ta lura ko'ina ya caɓe ban da daidai inda ake cinna wuta. Nan ƙasa ta yi ja, ta yi tauri, ruwa ya zame ya wuce. Sai ta ce, ashe ga magani. Ta tara itace ta baza a tsakar gidanta ta cinna wuta. Da gari ya waye, tsakar gidan ya zama kamar bayan tukunya, sumul, ko tsinke ba ya maƙalewa.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta gani ta ce ita ma tana so. Ta gaba da ita ma haka. Itacen daji ya ƙare, aka faɗa wa ɗorawa, aka faɗa wa kaɗanya, har tsamiyar bakin kasuwa aka sare. Aka toya tsakar gida, aka toya lungu, aka toya dandali. Gari ya zama kasko guda.

“Shi kuwa Ruwa baƙo ne,” in ji Iya. “Duk shekara wajen ƙanwarsa Ƙasa yake sauka. Ita take buɗe masa ƙofa, ta karɓi kayansa ta adana.”

A nan sai ta jawo tulu ta ƙwanƙwasa shi da zoben hannunta. Ƙwan, ƙwan.

“Salamu alaikum, ƙanwata!”

Sai ta yi shiru. Mu ma mu yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar wuta. Ta sake ƙwanƙwasawa, ta sake yin sallama, ba amsa. Sai ta canza murya ta yi ta kauri: “To ni yau ina zan kwana?” Ruwa ya bi gida-gida yana neman masauki. Ya shiga ɗakin wannan ya hau gado, ya shiga rumbun wancan ya jiƙa dawa, da ya ga ba mai son sa ya kwashi awaki da tabarmi ya gangara ya afka wa garin da ke ƙasa, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da rani ya zo aka leƙa rijiyoyi, wayam, don Ruwa bai bar wa ƙanwarsa ajiya ba. Ƙasa ta ɗauki zafi, kaza ta rasa inda za ta yi tono, yara suka daina fita wasa, ƙwai in ya faɗi sai ya soyu. Mutane suka ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya suka bar garin. Maginiyar ce ta ƙarshe. Ta ɗauki taɓarya ta sara a ƙofar ɗakinta, taɓarya ta karye, ita kuwa ta fi kowa sanin cewa yumɓun da ya ci wuta ba ya komawa yumɓu. Ita ma ta bi sahu. Ba wanda ya rage sai ƙadangaru, suna kwance a kan kaskon suna gyaɗa kai, wai “mun faɗa, mun faɗa.” Shi ya sa har yau suke gyaɗa kai.

“Ta huce,” Iya takan ce. “Kowa ya ɗauki tasa.”

Mu abin da muka ɗauka shi ne kada mutum ya cika ƙyanƙyami. In an ce Larai ta shiga ta taka yumɓu ta fara noƙewa, sai mu bi ta muna gyaɗa kai kamar ƙadangaru har ta yi kuka. Kuma kada wani ya zaci Iya maƙiyiyar siminti ce. Ranar da Baba ya sa aka shafe mata ɗaki da siminti, har rawa ta yi a kai, don kunama ta sha harbinta a tsohon daɓen. Ta san wahalar taɓo fiye da duk wanda zai yi mata waƙarsa.

Na girma, na yi karatu, na sami aiki a wani ofishi a Garki, ba nisa da inda Baba ya yi nasa. Na auri Rukayya. Bayan mun sha zaman ɗaki biyu a wani lungu da ke cika da ruwa duk damina, muka kama haya a wani sabon rukunin gidaje a bayan Kubwa. Na san wurin tun ina yaro. Fadama ce a da, da rafi a tsakiya, da mangwarori, Fulani suna kiwo, mu kuma muna zuwa kamun tarwaɗa. Yanzu gidaje ne iri ɗaya a jere, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya. Gaban kowane gida intalok, wato bulon daɓe, baya da gefe kankare aka malala har jikin katanga. A bakin ƙofar falo an shimfiɗa ciyawar roba, shar da ita rani da damina.

Gidan ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya zo sai na zaga da shi ina cewa, “Ka ga nan ba taɓo, ba ciyawa, ba maciji. Da farin takalmi za ka fita, da farin takalmi za ka dawo.” Abin da ba na faɗa shi ne, daga hantsi ba mai iya zama a waje. Da yamma bango yakan dawo mana da duk zafin da ya sha tun safe, in ba wuta sai janareta ya kwana yana ruri, namu da na maƙwabta. In rani ya yi nisa famfon burtsatse sai ya yi ta tari ba ruwa, a koma jiran tanka. Duk wannan na ɗauke shi a matsayin zaman birni.

Da cikin Rukayya na fari ya tsufa, Iya ta aiko cewa a zo a ɗauke ta. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, ta daina gini, hannunta yana rawa. Na je na ɗauko ta cikin bazara, ana tsakiyar zafi. Da muka shiga gida ta sauko daga mota, sai ta tuɓe silifas ɗinta ta riƙe a hannu, yadda ta saba in za ta shiga gidan da take girmamawa. Taku kaɗan ta yi ta ɗage ƙafa.

“Wai! Mai gida, wuta kuka kunna a ƙasa?”

Na ruga na ajiye mata takalman. Ta sa, ta tsaya tana duban gidan sama da ƙasa, ta shafa bango.

“Gida ya yi,” ta ce. “Allah ya sa albarka. Nan kam kunama ba ta da wurin ɓuya.”

Ba ta sake cewa komai a kan gidan ba. Amma na lura duk yamma takan ɗauki tabarmarta ta fita ta zaga, ta rasa inda za ta shimfiɗa, ta dawo da ita a naɗe, ta zauna a falo ƙarƙashin fanka tana kallon talabijin ɗin da ba ta jin harshensa.

Rukayya ta haihu da rana tsaka, mace, lafiya lau. Ina cikin amsa waya ana ta barka, wata nas ta miƙo mini baƙar leda mai ɗan nauyi ta ce, “Oga, ga mabiyiya.” Na karɓa na tsaya sororo. Iya ce ta karɓe ta daga hannuna. Muka bar Rukayya da mahaifiyarta a asibiti, na mayar da Iya gida.

Ashe ta zo da shirinta. Daga cikin ƙullin kayanta ta fito da wata 'yar tukunya da murfi, sabuwa, bakinta a ɗan karkace. Da hannunta mai rawa ta gina ta, ta ba maƙwabta suka toya mata. Ta shiga banɗaki ta wanke mabiyiyar tas, ta sa a tukunyar ta rufe, ta naɗe da tsohon zani. Bayan la'asar ta fito ta ce in kawo fartanya. Na ce ba mu da ita. Ta dube ni, ta ce to in biyo ta.

Muka zaga gaba, muka zaga baya, muka bi ta gefen tankin ruwa. Tana tafe tana buga ƙasa da sandarta, ko'ina ƙwas, ƙwas. Ta ɗaga gefen ciyawar robar ta leƙa, siminti. Ta tsaya.

“Mai gida, ina ƙasar gidan?”

Na nuna mata tukunyar fulawa da ke bakin taga. Ban san abin da ya sa na yi haka ba. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ba ta ko yi murmushi ba.

Na je na kira mai kula da gidajen, wani mutumin kirki da muke kira Oga Bulus. Na roƙe shi ya bari mu ɗaga intalok biyu ko uku a bayan mota, mu mayar. Ya sosa kai.

“Oga, wallahi ba zai yiwu ba. Mai gidan ya hana. Kuma ƙasan nan akwai fayif, akwai waya. In ka fasa wani abu, aikina ya tafi.” Ya juya ga Iya ya rusuna. “Mama, ki yi haƙuri. Mutanen nan duka a asibiti suke bari. Akwai inda suke ƙonawa.”

Na gaji, ban yi barci ba, ga zafi. Da ya tafi sai na ji bakina yana cewa, “Iya, ko mu mayar musu ɗin? Kowa haka yake yi yanzu.”

Ta gyara riƙon tukunyar a ƙirjinta.

“Wannan ta yi wata da watanni tana ciyar da 'yarka,” ta ce a hankali. “Ita ta rako ta duniya. A ƙona ta da tsumma da allura?”



“Tayar da motarka,” ta ce. “Duk faɗin garin nan ba za a rasa tafin hannu ɗaya na ƙasa ba.”

Ta zauna a gaba da tukunyar a cinya. A bakin babbar ƙofa muka yi kiciɓis da wani maƙwabcina yana shigowa. Ya sauke gilashi ya yi mini barka, sannan ya leƙo ya ce, “Mama me aka riƙe haka kamar zinariya?” Kafin ta buɗe baki na yi caraf na ce, “Magani ne.” Ya yi dariya ya wuce. Iya ba ta juyo ba. Sai da muka hau titi ta ce, kamar da kanta take magana, “Magani.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fara tsayawa a gefen titi inda na ga 'yar ƙasa tsakanin kwalta da lambatu. Ta leƙa ta taga ta ga ledoji da fasassun kwalabe, wani mutum ya juya baya yana fitsari can gaba. Ta girgiza kai. Na wuce zuwa wani fili da na san ba a gina ba. An kewaye shi da kwano, an zuba tsakuwa da rodi, mai gadi ya taso tun kafin in kashe mota yana tambayar wa muke nema. Na ce ba kowa. Na tuna da rafin da muke kamun tarwaɗa, na ce mata akwai wani wuri. Na yi ta juyi cikin layuka ina neman sa. Da na same shi ban gane shi ba sai da na ga dutsen da muke hawa mu yi tsalle. An ɗaure rafin da kankare dama da hagu da ƙasa, ya zama babbar kwata, wani baƙin ruwa siriri yana bin tsakiya. Mangwaro ko ɗaya babu. Wani Bafulatani yana kora shanu a kan kwalta, suna sunkuya kai suna tsintar 'yar ciyawar da ta fito a tsagin gefen titi, motoci suna ta yi musu hon.

Iya ta daɗe tana kallon shanun.

“A gidan uban yaro ake sa ta,” ta ce. “Don in ya tashi ya san yana da wuri. Amma tunda gidan uban ba shi da ƙasa, kai ni gidan uban uban.”

Muka kama hanyar Ushafa. Rana tana gab da faɗuwa muka isa.

Na sha zuwa garin ina babba, amma kullum a gurguje, in gaisa in juya. Ran nan ne na dube shi da ido biyu. Inda matoya take, shaguna ne a jere, mai cajin waya, mai sayar da taya, mai aski. Ɗorawa ɗaya ta rage, an rataya mata allon talla. A cikin gidan kuwa, ƙanin Baba, Baffa Audu, ya gina ɗakunan haya a tsakar gida don ma'aikatan da tsadar birni ta koro, ya shafe sauran da siminti saboda 'yan haya ba sa son taɓo. Ban ga laifinsa ba, da su yake ciyar da gidan, har da Iyar.

Ta ja ni bayan ɗakinta. Wani ɗan siririn wuri ne tsakanin bango da katanga, da gwanda guda, da tsohuwar randa tana tsatsafo. Ƙasar wurin baƙa ce, da danshi. Sanyi ya bugi ƙafata ta cikin takalmi. Ta aro fartanya a wajen wata 'yar haya ta miƙo mini.

“Nan aka sa ta babanka,” ta ce tana nuni da sanda. “Nan ta Audu. Kai matsa can.”

“Tawa fa, Iya?”

“Taka a Kubwa na sa ta, a tsohon gidanku. Yanzu an ce shagon sayar da katifa ne a kai.” Sai a lokacin ta yi dariya. “Shi ya sa ka cika son barci.”

Na tuɓe riga na fara tono. Rabona da fartanya tun ina sakandare, kafin ramin ya kai gwiwar hannu tafina ya yi ruwa. Tsutsotsi suna fitowa suna lanƙwasa. Ƙamshin ƙasar ya cika mini hanci, na sunkuyar da kai na ci gaba da tono. Ta durƙusa da ƙyar, ta yi bisimilla, ta saka tukunyar, ta yi addu'a da Hausa, ta ƙara da harshen uwarta, sannan ta tura ƙasa da hannu biyu ta daddanna.

Muna cikin haka Baffa Audu ya dawo daga masallaci. Ya yi mini barka, ya ga abin da muka yi, sai ya fara kame-kame yana duban tulin bulo da ke jingine da katanga.

“Iya, ai na gaya miki wurin nan... bana nake son in tayar da ɗaki ɗaya.”

“Na sani,” ta ce, tana kakkaɓe hannu. “Ban hana ka ba. Ka bari damina ɗaya ta dake ta tukuna.”

Ya ce to. Allah ya saka masa, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, bai taɓa wurin ba. Bulon yana nan a jingine har ya yi gansakuka. Amma ni da shi duk mun san abin da yake jira, ranar da babu Iya, ba ma dai faɗa.

Iya ba ta koma gidana ba. Ta ce ƙafarta ba ta jin daɗin can, a kawo mata jaririyar in an yi suna. Aka sa wa yarinyar Sakina.

A daminar shekarar aka yi wani ruwa da safe kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a tagar bene ina kallo. Ko ɗigo bai tsaya a rukuninmu ba. Ya bi intalok, ya bi lambatu, ya taru ya fita ta ƙarƙashin katanga ya gangara unguwar da ke bayanmu, ta masu ƙananan gidaje. Na ga mata suna fitowa da katifu a ka, ruwa har cinya, wani dattijo yana bin tukunyarsa tana juyi tana tafiya. A cikinsu har da telar da take yi wa Rukayya ɗinki. Da ruwa ya ɗauke na fita da farin takalmina na tafi ofis, na dawo da shi fari.

Ina yaro na ɗauki maginiyar nan ta tatsuniya a matsayin wawuya. Yanzu na san ba wauta ta yi ba. Taɓo abin ƙi ne, kuma tsakar gidanta kawai ta toya. Kowa ma tsakar gidansa kawai ya toya. Ni ban taɓa zuba ko shebur ɗaya na siminti ba, ban sare itace ba, amma da aka nuna mini gidaje na zaɓi wanda ba a bar wa ƙasa ko numfashi ba, na kuma riƙa zagawa da baƙi ina yabo. Iya ba ta taɓa tuna mini da tatsuniyar ba, ko sau ɗaya. Wataƙila ta manta ta taɓa ba mu ita. Har yanzu muna cikin gidan. Nakan ce za mu tashi, sai in tuna kusa yake da makaranta, kusa da titi, in yi shiru.

A ƙaramar Sallar da ta wuce muka kai Sakina gaida Iya. Ta fara wayo, tana magana rangaɗau, rabi Hausa rabi Turanci. Iya tana zaune a bayan ɗakinta ƙarƙashin gwanda, don yanzu nan take wuni. Na cire wa yarinyar takalmi a bakin tabarma, sai ta zame ta taka ƙasa da ƙafa ɗaya. Ta tsaya cak. Ta dubi ƙafar, ta ga baƙi-baƙi a tsakanin yatsunta, ta ga tururuwa tana wucewa. Ta ƙwalla ƙara ta ɗaga hannu biyu.

“Abba, datti! Ɗauke ni, datti!”

'Yan haya suka leƙo suna dariya. Kunya ta kama ni. Na daka mata tsawa na ce ta yi shiru ta gaida kakarta, abin da ya ƙara mata kuka.

“Kai, mai gida, bar ta,” in ji Iya. “Miƙo ta nan.”

Ta ɗora ta a cinya, ta ɗebo ruwa a randa da moɗa, ta wanke mata ƙafar yatsa bayan yatsa, ta goge da bakin zaninta. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya ta lafe a jikinta, ta tattare ƙafafunta sama kada su sake taɓa ƙasa. Na fara ba da haƙuri, ina cewa yarinta ce, ba ta saba ba ne. Iya ba ta dube ni ba, tana shafa kan Sakina.

“Ba laifinta ba ne,” ta ce. “Ba wanda ya gabatar da su, ita da ƙasa.”